Wutar da Ake Ɓoyewa: Nazarin Dodo Mai Aman Wuta a Gajerun Labarai Biyu na Matasa

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta "The Reluctant Dragon" na Kenneth Grahame (1898) da "The Rule of Names" na Ursula K. Le Guin (1964). Ta nuna cewa ƙarfin labaran biyu yana cikin jinkirta wuta, wato marubuci ya sa mai karatu jiran lokacin da dodo zai bayyana ainihinsa.

Gabatarwa

A dogon littafi irin The Hobbit na Tolkien (1937), akwai filin da dodo Smaug zai ƙone gari guda. Gajeren labari ba shi da wannan sarari. Sau ɗaya wuta ke tashi, don haka inda aka ajiye ta shi ne ginshiƙin labarin.

Nazari

Dodon Grahame mai son waƙa ne, ba ruwansa da faɗa. Wani yaro ne ya sulhunta shi da jarumi Saint George, suka shirya faɗan ƙarya don mutanen ƙauye su samu abin kallo. Hayaƙi da ruri duk na ganin ido ne.

Labarin Le Guin ya fi zurfi. A tsibirin Sattins akwai wani boka mai suna Underhill, wanda mutane suka raina domin sihirinsa bai cika ci ba. Tun a farkon labari an nuna tururi yana fita daga hancinsa da sanyin safiya, mai karatu ya ɗauka sanyi ne kawai. Ƙa'idar tsibirin ita ce kowa ya ɓoye sunansa na gaskiya, domin wanda ya san sunanka ya mallake ka. Wani baƙo, Blackbeard, ya zo neman dukiyar kakanninsa ta Pendor, ya kira bokan da sunansa na asali, Yevaud, yana zaton ya gama da shi. Sunan kuwa ya maido wa bokan da surarsa ta dodo, baƙon ya halaka.

A ganin wannan nazari, nan ne labarin ya dace da matashi, wanda kullum yake tambayar kansa ko shi ne wanda mutane suke gani. Matashin Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga nauyin suna: ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, ya san bambancin sunan yanka da laƙabi.

Sai dai Dodon tatsuniyar Hausa, kamar yadda ya zo a littattafan da Frank Edgar ya tattara (1911–1913), haɗiye mutane yake yi, kuma an fi alaƙanta shi da daji da ruwa. Wuta a tunanin Bahaushe ta aljanu ce, waɗanda Alƙur'ani ya ce daga gare ta aka halicce su, kuma an san su da shiga kasuwa cikin siffar mutane. Aljani, ba Dodo ba, shi ne takwaran Underhill a adabin Hausa.