Ina aka kai hirar bayan lisha?

Kullum a gidan rediyo muna samun kiran iyaye masu kukan cewa yara sun daina zama da su, kowa ya duƙa kan wayarsa. Kafin mu ɗora wa waya laifi duka, bari mu waiwaya mu ga yadda hirar gida take a da, da hanyar da ta bi ta fita.

A Maraɗi da Damagaram na shekarun 1960, gujiya ce arzikin ƙasa. An kafa SONARA a 1962 don sayenta da fitar da ita waje. Kafin ta kai sikeli kuwa, a tsakar gida ake ɓararta da hannu, bayan an ci tuwo. Tsohuwa na kaɗin auduga, uwa da ɗiya sun kewaye ƙwarya, sai a ji "ga ta nan, ga ta nanku". Babu wanda ya ware lokacin zama da yara. Aiki ne ya tara mutane, Gizo da Ƙoƙi kuma suka hana hannu gajiya da ido barci. Shi ya sa muke ganin hanin da ake yi na tatsuniya da rana, wai mutum zai ɓata, dabara ce kawai: rana ta gona ce da rijiya.

Amma mu faɗi gaskiya, baba ba ya cikin wannan da'irar. Yana ƙofar gida da abokansa, ko gindin itace ana dara, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Yaro kan koyi dara ne a tsaye bayan ubansa, bakinsa a rufe. Langa da carafke na dandali ne, sa'a da sa'a. Hirar cikin gida ta mata ce, musamman kaka.

Fari na 1973 zuwa 1974 ya karya gujiya, ƙwaryar ɓara ta ragu, maza da yawa suka kama hanyar bida. Rediyo kuwa tun 1958 yana nan, kuma daga 1962 aka fara kulob-kulob na sauraro, inda ake taruwa a ji shiri a yi muhawara. Shi rediyo bai kori kowa daga tabarma ba (ba don aikinmu ne muke kare shi ba), domin kunne kawai yake so, hannu na aikinsa. Tele ce ta fara juya fuskoki gefe guda. Zamanin Janar Kunce an kai akwatunanta wuraren taruwar jama'a, yara suka riƙa fita kallo da dare. Mu 'yan shekarun 1990 mun tarar da kaset ɗin finafinan Kano, gidan da ke da bidiyo ya zama silima ta unguwa. Samari suka koma fada da butar shayi. Ga lakwal kuma: yaro ya dawo da aikin gida cikin Faransanci, uwa ba ta iya duba masa, kaka balle. Lokacin da waya ta iso, ta tarar tabarmar ta riga ta yi sako-sako.

A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana kura bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mun ga wani abu. Zafi ya fitar da kowa tsakar gida, caji ya ƙare, yara suka ce a yi musu tatsuniya. Da yawanmu muka fara, muka kai tsakiya, muka maƙale. Mun tuna Gizo ya shiga gonar sarki, yadda ya fito ne ya ɓace mana. A gidan da akwai tsohuwa, ita ta ƙarasa. A gidan da babu, sai dariya da kame-kame, wani uban ma ya haƙa gurbin dara a ƙasa da tsinke, ya koya wa ɗiyarsa mace, abin da ubansa bai taɓa yi ba.

Cibiyar CELHTO da ke Yamai ta daɗe tana naɗar adabin baka, marigayi Bubu Hama ma ya tattara tatsuniyoyi a littattafai, sai dai da Faransanci, kuma kaɗan ne cikinmu suka taɓa riƙe su. Wutar ta dawo a watan Maris na 2024. Tsofaffin da suka ƙarasa mana labarin a wancan duhun, wasunsu mun riga mun kai su makwanci, ba mu naɗi muryarsu ba, alhali wayar tana aljihunmu.