Ƙasar Azbin da Hanyar Gishiri

Wudil gari ne a bakin kogi, kamar mil 25 kudu maso gabas da birnin Kano, kuma ya yi suna saboda kasuwarsa ta shanu da ke ci ran Juma'a. Cikin dabbobin da a ke kawowa kara akwai waɗanda daga Jamhuriyar Nijar suka fito. Wannan ciniki tsakanin Kanawa da mutanen arewa ba yau ya fara ba. Tushensa yana can ƙasar Azbin, a cikin hamada.

Azbin ƙasa ce ta baƙaƙen duwatsu. Mafi tsawo a cikinsu yana kan tudun Bagzan, ya kai ƙafa 6,600. A kwarurukan da ke tsakanin duwatsun akwai rijiyoyi da lambuna, ana noma alkama da albasa da dabino. Gabas da duwatsun kuwa sai Tenere, watau tekun rairayi, inda mutum kan yi kwanaki yana tafiya bai ga ko tsinken ciyawa ba.

To, amma da ba haka wurin yake ba. A Dabus, arewa da Agadas, akwai siffar raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya kai ƙafa 18. A shekarar 2000 kuma wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, ya tarar da wata tsohuwar maƙabarta a Gobero, tsakiyar rairayi. An sami ƙasusuwan kifi da na kada da na dorina a wurin, alamar mutanen a bakin tafki suka zauna. Sannu a hankali ruwan sama ya ja baya, tafki ya ƙafe, daji ya koma hamada.

Hamadar ba ta hana mutane ratsa ta ba, domin akwai gishiri a bayanta. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Gobirawa su kansu suna cewa a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Agadas ta zama mazaunin Sarkin Azbin, aka gina masallacinta a 1515. Hasumiyarsa ta laka ce da azara, kusan ƙafa 90, an sake gina ta a 1844, tana nan tsaye har yau.

Ga yadda fataucin yake. Da kaka ayari kan taru, kowane raƙumi da damin ciyawarsa, domin babu abin kiwo a hanya. Madugu ya shige gaba, yana duban taurari da kwanciyar rairayi. Su yada zango a Fachi, sa'an nan su isa Balma, su ba da gero su karɓi dabino da kantun gishiri. In sun komo Azbin sun huta, sai su nufo kudu, Damagaram da Katsina da Kano. Makiyaya su sayi kantu domin dabbobinsu, Azbinawa su kuma su sayi hatsi da turkuɗi irin wanda a ke rinawa a buga a Kura, su yi rawani. Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya biyo ayarin gishiri kudu, ya iso Kano a farkon 1851.

Abin da ya yi shekara ɗari huɗu yana tafiya, cikin ɗan lokaci ya raunana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gishirin Turawa ya cika kasuwa. A 1916 Kawsan ya tayar wa Faransawa, ya kewaye barikinsu na Agadas. Da suka karya shi a 1917 suka kashe mutane da yawa, suka kwashe raƙuma, jama'a suka watse, waɗansu har ƙasar Kano. Bayan wannan motoci suka shigo, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka halaka dabbobi. Ayari bai mutu ba, amma ya ragu ƙwarai.

Namun daji su ma sun sha wuya. Da akwai jimina da mariri da barewa da ragon dutse, da wata farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni da Turawa ke kira adaks, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba. Fari ba ya ƙare su, amma bindiga da mota sun kusa. A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe Azbin da Tenere, fili wanda ya kusa ninka Jihar Kano sau huɗu, aka hana farauta. A 1991 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Duk da haka, a 2000 aka tabbatar babu sauran mariri a daji, a 2016 kuma masu ƙirga suka zaga Termit da Tin Tumma, adaks uku kaɗai suka gani.

Akwai wata ƙaya da ta tsira ita kaɗai a tsakiyar Tenere, saiwarta ta yi zurfin fiye da ƙafa 100. Madugai ba su yarda a karya ko reshenta ba, domin ita ce alamar hanya. A 1973 wani direba ya banke ta da mota. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Amma gyara yana yiwuwa. A 1996 raƙuman dawa 49 suka rage a Kure, kusa da Yamai. Manoman wurin da hukuma suka haɗa kai suka tsare su, har suka wuce 600. Rairayi bai san iyakar ƙasa ba. Itacen da manomin Wudil ya bari a gonarsa, da naman dajin da maharbi ya ƙyale ya hayayyafa, su ne gadon da jikoki za su tarar.