Ƙaura Daga Burauza Zuwa Burauza: Tarihin Shiga Intanet a Garo da Kewayenta

Gabatarwa

Garo gari ne a Ƙaramar Hukumar Kabo, a kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Kano, ta ratsa Rimin Gado, ta nufi Gwarzo. Duk ɗalibin wannan yanki da ya taɓa neman gurbin karatu a jami'a, da duk ma'aikacin da ya taɓa cike takardar gwamnati ta intanet, ya yi aiki da wata manhaja da ake kira burauza, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Burauza ita ce manhajar da ke ɗauko shafi daga inda aka ajiye shi, ta shimfiɗa shi a fuskar kwamfuta ko waya yadda ido zai iya karantawa. A cikin shekaru ashirin da 'yan kai, mutanen wannan yanki, kamar sauran jama'ar Arewa, sun yi ƙaura daga wata burauza zuwa wata har sau uku. Wannan lacca za ta bi sawun waɗannan ƙaurace-ƙaurace, domin a nuna cewa tsadar data da raunin sabis su ne suka fi yanke hukunci a kan zaɓin mutane, kuma kowane sauƙi da aka samu akwai abin da aka bayar a madadinsa, wanda sau da yawa ba a lura da shi ba.

Asalin gasar

Kafin a zo ga Garo ya kamata a san inda gasar ta samo tushe. A 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara hanyar haɗa shafuka da juna a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Burauzar farko da ta yaɗu sosai ita ce Mosaic a 1993, sa'an nan Netscape ta biyo baya a 1994 ta mamaye kasuwa. A 1995 kamfanin Microsoft ya fito da Internet Explorer, daga baya ya cusa ta cikin Windows, watau duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a ciki ba tare da ya nema ba. Wannan dabara ta karya Netscape, har gwamnatin Amurka ta kai Microsoft ƙara a 1998 bisa zargin danne abokan gasa. Duk da haka, zuwa 2003 fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet a duniya da Internet Explorer suke shiga. Darasin farko ke nan: yawancin mutane da abin da suka tarar suke aiki, sai wata larura mai ƙarfi ta tilasta musu neman wani.

Zamanin kafe

Kafin 2001 layukan tarho masu aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki, Glo ta biyo su a 2003. Amma wayoyin farko na kira ne da gajeren saƙo. Wanda ke son intanet sai ya je kafe, inda ake biyan kuɗi gwargwadon lokacin da aka zauna a gaban kwamfuta. Ga mutumin ƙauye wannan yana nufin kuɗin mota da yini guda, domin galibin shagunan a birni suke, musamman kewayen makarantu irin su Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan hanyar Gwarzo ɗin. Da hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO da JAMB suka mai da duba sakamako da rajista kan intanet a shekarun 2000, sai zuwa kafe ya zama dole ga kowane ɗalibi.

A nan aka yi ƙaura ta farko. A Nuwamban 2004 gidauniyar Mozilla, wadda ta tsiro daga ragowar Netscape, ta fito da Firefox. Internet Explorer ta lokacin ba ta buɗe shafuka da yawa a taga guda sai a 2006, ita kuwa Firefox tana yi, tana kuma toshe tallace-tallacen da ke faɗowa a fuska ba a gayyace su ba. Ga wanda ya sayi awa guda a layi mai nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne: zai buɗe shafi uku, yana karanta ɗaya sauran suna saukowa. Sai dai a wannan zamani zaɓin ba na ɗalibi ba ne, na mai kafe ne. Shi ke ɗora abin da ya ga dama, shi ke saita shi, kuma duk abin da mai haya ya bari a buɗe, har da akwatin wasiƙunsa, yana iya faɗawa hannun wanda ya gaje shi a kujera.

Zamanin Opera Mini

Ƙaura ta biyu ita ce ta kawo intanet cikin aljihun mutumin karkara. Kamfanin Opera na ƙasar Norway ya saki Opera Mini ga duniya a Janairun 2006. Ƙaramar manhaja ce, ba ta kai rabin megabait ba, kuma tana aiki a kan ƙananan wayoyin Nokia da makamantansu masu karɓar Java. Waɗannan wayoyi suna zuwa da tasu burauzar, amma ba ta iya ɗaukar manyan shafuka, tana kuma cin kuɗi. Dabarar Opera Mini ita ce, idan mutum ya nemi shafi, wayarsa ba ta zuwa wurin shafin kai tsaye. Buƙatar takan tafi manyan kwamfutocin kamfanin da ke ƙetare, su ɗauko shafin, su tankaɗe shi, su matse, sa'an nan su aiko da shi. Kamfanin ya ce matsewar kan kai kashi 90 cikin 100. A garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma kati na Naira ɗari abu ne da ake lissafi a kansa, wannan ya isa dalilin ƙaura. Nijeriya ta shiga sahun ƙasashe goma da suka fi kowa amfani da Opera Mini, kuma shekaru da dama ƙididdigar StatCounter tana nuna Opera a gaban kowace burauza a ƙasar.

A wannan zamani ne talaka ya fara gyara burauza da hannunsa. Mai waya yakan shiga saiti ya kashe hotuna ko ya rage kyansu don data ta yi auki. Yakan ƙara girman rubutu saboda ƙanƙantar fuska. Yakan adana shafi a inda sabis ke da ƙarfi, ya karanta a gida ko a gona inda babu. Da fitowar Opera Mini ta biyar a 2010 aka sami damar jera shafukan da aka fi ziyarta a fuskar farko, sai ka ga ɗalibi ya jera BBC Hausa da Facebook da shafin sakamakon ƙwallo da na JAMB. Ilmin wannan gyara ba a makaranta aka koye shi ba. Ya yaɗu ne daga kasuwannin waya na Kano, irin su Farm Centre da titin Beirut, zuwa rumfunan masu caji da masu turi a garuruwa, inda ake tura manhajar daga waya zuwa waya. Wasu kuma suka koma UC Browser ta ƙasar Sin, don ta fi riƙe saukar da waƙa ko bidiyo idan sabis ya yanke a tsakiya.

Gyaran bai tsaya a halal ba. Wajen 2009 zuwa 2013 an yi yayin wata Opera Mini da wasu suka buɗe suka sake wa fasali, wadda ake cusa wa wasu lambobi da adireshi don a shiga intanet ba tare da kamfanin waya ya cire kuɗi ba. Kamfanoni na toshe ƙofa, samari na neman wata. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɗora manhajar da wani baƙo ya taɓa, ya kuma bi da saƙonninsa ta kwamfutar da bai san mai ita ba, ya miƙa sirrinsa ke nan ga wanda bai taɓa gani ba.

Ko a manhajar ta asali akwai abin lura. Tun da kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafi kafin su matse shi, to duk abin da ya bi ta wannan hanya sai ya ratsa hannunsu, har da shafukan da aka kulle don sirri. Sauƙin da aka samu, da amana aka saye shi. A 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta wallafa rahoto cewa UC Browser tana fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da kyakkyawan kulli ba, a 2020 kuma Indiya ta haramta ta tare da wasu manhajojin Sin. Ita kanta Opera wasu 'yan kasuwar Sin sun saye ta a 2016, kuma daga gidanta ne OPay ta fito a Nijeriya a 2018. Tarin jama'ar da araha ta tara shi ne jarin da aka gina sabuwar kasuwa a kai.

Matsalar haruffa

Akwai gyaran da ya gagari mai waya a wancan zamani, watau rubuta Hausa daidai. Gyara kayan aro don ya dace da harshe tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Malaman ajami sun ɗauki haruffan Larabci suka ƙara wa wasu ɗigo don su ɗauki sautukan da Larabci ba shi da su. Da boko ya zo, Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutu a 1912, a shekarun 1930 kuma aka tsai da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro wa kwamfuta samfurin haruffa masu ɗauke da su. Amma maɓallan ƙananan wayoyi ba su da su, kuma sau da yawa idan shafi ya zo da su sai waya ta nuna ɗan akwati a gurbinsu. Haka matasa masu yawa suka saba rubuta baki a wurin baƙi, da kafa a wurin ƙafa, har wannan ya bi wasu cikin takardun jarrabawa da wasiƙun ofis. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016, kuma allon rubutu na wayoyin Android yanzu yana da haruffan ga wanda ya shiga saiti ya zaɓi Hausa. Kayan aikin ya samu, saura sabon da aka yi.

Zamanin Android

Ƙaura ta uku ba mutane ne suka shirya ta ba, kasuwa ce. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, irin su Tecno da Infinix da itel, sun cika kasuwa a shekarun 2010, sabis mai sauri ya ƙaru, kuma kowace waya tana zuwa da Chrome, wadda Google ya fito da ita a 2008, wasu kuma har da Phoenix. Da haka Chrome ta wuce Opera a Nijeriya, ta hanyar da Internet Explorer ta bi ta wuce Netscape. Darajar zama abin da aka tarar ta fito fili a wata shari'a a Amurka, inda aka bayyana cewa Google ya biya fiye da Dala biliyan 26 a 2021 kaɗai don injin bincikensa ya zama na farko a wayoyi da burauzoji, kuma a Agustan 2024 alƙali ya yanke cewa kamfanin ya karya dokar hana babakere.

Har wa yau, yawan sunaye bai kamata ya ruɗi kowa ba. Opera ta bar injinta ta koma kan Chromium na Google a 2013, abin da ya ɓata wa tsofaffin masoyanta rai saboda hanyoyin gyara da dama sun ɓace, har ɗaya daga waɗanda suka kafa ta, Jon von Tetzchner, ya fito da Vivaldi a 2016 don masu son saita komai da kansu. Amma Vivaldi ma a kan Chromium take, haka Brave, haka Edge ta Microsoft tun 2020. An yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022. Daga cikin manya, Firefox da Safari ne kaɗai ke da injin kansu. Riguna sun yi yawa, amma masaƙa uku ce.

Kammalawa

Larurar da ta kori mutanen Garo da Kabo da Gwarzo zuwa Opera Mini ba ta gushe ba. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Abin da ya sauya shi ne nauyin abin da ke bi ta burauza. Jiya waƙa ce da sakamakon ƙwallo, yau albashi ne da lambar banki da lambar shaidar ɗan ƙasa da takardun ofis. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu da kamfanoni alhakin tsare bayanan jama'a, saboda haka ma'aikacin da ya buɗe takardun hukuma a burauzar da bai san hanyar da take bi da su ba, amanar wasu yake wasa da ita.

Tarihin nan ya bar tambayoyi uku ga duk mai shirin sauya burauza ko ci gaba da wadda ya tarar: wa ya mallake ta, ta ina take bi da bayanai, kuma da me take samun kuɗi tun da kyauta ake ba da ita. Mai matsewa tana da amfani wajen karanta labarai a inda sabis ya yi rauni, amma harkar banki da ta ofis ta fi dacewa da wadda ke zuwa shafi kai tsaye, wadda aka ɗauko daga tushenta, ake kuma sabunta ta. Ɗaliban zamanin Nokia sun san kowane lungu na saitin wayarsu saboda rashi ya koya musu. Na yau, da aikin da ke hannunsu ya fi girma, sun fi su bukatar wannan sani.