Horon Yara a Tawa da Arewacin Adar: Daga Dandali zuwa Lakwal

0. Gabatarwa

Duk inda malaman makaranta da iyayen yara suka haɗu a Tawa, da wuya a tashi ba a yi kukan halin ƴan lakwal ba: rashin jin magana, faɗa a filin makaranta, gudun aji, raina na gaba. Magunguna biyu aka saba kawowa. Wasu su ce a maido da bulala, wasu su ce a ɗauko dabarun tarbiyya na ƙasashen waje. A cikin wannan ƙasida muna so mu kai tambayar gaban tarihi: a Tawa da arewacin Adar, wa ke gyara halin yaro a da, kuma da me?

Kalmar horo tana da ma'ana biyu a Hausa: koyarwa da hukunci. Ra'ayinmu shi ne, a duk lokacin da yaro ke da matsayi da aiki a cikin tsaransa, ma'anar farko ce ke rinjaye. In aka raba shi da wannan matsayi, sai ta biyu ta rage ita kaɗai. Mun dogara da ayyukan Djibo Hamani da Nicole Echard a kan Adar, waɗanda suka fito a 1975, da littafin Abdu Mumuni a kan ilimi a Afirka (1964), da na Benedetta Rossi (2015).

1. Hannaye da yawa

Garin Tawa ya tashi ne daga ƙauyukan Azna biyu, Bilbis da Fakawa. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci Adar, sarauta ta yi ta sauya hannu tsakanin zuriyarsa, da Lisawan, da Kel Geres, da Iwillimmidan. Amma waɗannan masu iko haraji da yaƙi suka sa gaba. Tarbiyyar yaro ta zauna a hannun gida da unguwa.

A gida, nauyin bai tsaya kan uwa da uba kaɗai ba. Kunyar ɗan fari kan hana su ambaton sunansa ko jan sa a jiki a gaban mutane, sau da yawa ma akan ba da shi riƙo ga kaka ko gwaggo. Ta haka yaro kan tashi da manya iri biyu: waɗanda yake jin nauyinsu, da waɗanda yake wasa da su, wato kakanni da taubasai. Wannan rabo yana da amfani babba. Laifin da in uba ya faɗa zai zama tsawa, kaka na iya faɗinsa cikin ba'a, yaro ya ji, ya gyara, ba tare da an ci masa fuska ba. Wasan barkwanci na dangi da na ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, makaranta ce ta koyon jure magana da mayar da ita ba da faɗa ba.

A waje kuma akwai dandali. Samari suna da sarkinsu, ƴan mata suna da shugabarsu. Su ke kiran gayya a gonar wani, su ke shirya kokowa bayan kaka. Wanda ya ƙi fitowa aiki ko ya ta da husuma, tsaransa ne ke cin sa tara ko su ƙaurace masa na ɗan lokaci. Abin lura shi ne hukuncin yana da ƙofar komowa: in ya biya, ya ba da haƙuri, sai ya koma layinsa a gayya.

Kada mu mai da wannan zamani aljanna. Ana dukan yara a cikinsa. Al'umma ce mai bayi da ƴaƴa, kuma ladabin da ake koya wa ɗan bawa shi ne sanin iyakarsa; ƴa mace kuwa aure kan fitar da ita daga dandali da wuri. Tsarin yana koya zaman jama'a, amma yana kuma dasa kowa inda aka haife shi.

2. Makarantar allo

Adar tsohuwar ƙasar malamai ce. A wannan yanki da Ayar ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi zamaninsa. An fi tuna makarantar allo da dorina, amma ba ita ce ginshiƙinta ba. Malam ɗaya ba ya iya riƙe yara masu yawa sai da gardawa: babba ya biya wa ƙarami, ya duba allonsa, ya raba faɗa. Ƙolo ya san wata rana shi ma zai zama gardi. Ke nan a nan ma akwai matakala, kuma hawanta na tafe da ɗaukar nauyin wani.

Mazhabar Malikiyya da malaman ƙasar ke bi ta daɗe da sa wa duka iyaka. Ibn Sahnun na Ƙairawan (ya rasu a 870) ya tsaida shi a bulala 3, ya hana a wuce 10. Ibn Khaldun, a ƙarni na 14, ya nuna cewa tsanani na koya wa ɗalibi ƙarya da lalaci. Masu cewa hana duka baƙon ra'ayi ne na Turawa ba su yi la'akari da wannan ba.

3. Lakwal

Faransawa sun kafu a Adar a 1901, bayan sun karya Kel Geres a Zangebe da Galma. Makarantar da suka kawo ta zo ne ta hanyar da haraji da aikin tilas suka biyo: kumandan ya yanka wa sarki adadin yara, sarki ya aika a kamo. Kamar a sauran sassan Nijar, masu hali da yawa sun ɓoye ƴaƴansu, suka tura na bayi da na talakawa. A zamanin gwamna Jules Brévié, wanda ya riƙe Nijar daga 1922, sannan Afirka ta Yamma ta Faransa daga 1930 zuwa 1936, an ƙarfafa makarantun karkara masu gonaki, abin da ya ƙara sa iyaye kallon lakwal a matsayin wani reshe na aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946.

A bisa takarda, dokar makarantun Faransa ta 1887 ta haramta duka. A aikace kuwa, mushe guda ne a gaban yaran da aka kawo da ƙarfi, ba kaka, ba taubashi, ba sarkin samari. Abin da ya fi bayyana canjin shi ne sambal: wani abu, ƙashi ko guntun itace, da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa ko Tamajak. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani, kuma wanda yamma ta riska da shi ya sha hukunci. A dandali tsara ke maido da mai laifi cikin jama'a. A ƙarƙashin sambal tsara ya zama mai leƙen asirin ɗan uwansa. Mafi yawan abin da rahotannin mulkin mallaka ke kira taurin kai, wato gudu da shiru, a ganinmu amsa ce ga wannan hali.

Duk da haka lakwal ta buɗe ƙofar da tsohon tsari ya rufe: ɗan talaka ya zama malami ko ma'aikaci. Bayan yaƙin duniya na biyu Tawa ta samu makarantar horon malamai wadda ta yaye ma'aikata da dama. Amma a 1960 yaran Nijar da ke makaranta ba su kai 5 cikin 100 ba.

4. Samariya da bida

Bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, ta mai da ita ƙungiyar ƙasa. Samari sun gina azuzuwa, sun shuka itatuwa, kuma a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. An maido wa matasa da aiki, amma umurni daga sama yake saukowa, shi ya sa samariyar gwamnati ba ta daɗe ba bayan Taron Ƙasa na 1991.

A lokaci guda bida ta sauya fasalin gida. Tafiyar Adarawa neman kuɗi zuwa Najeriya, Kodebuwa da Libiya ta girmi farin 1973 da na 1984, amma fari ya tsawaita ta. Rossi ta nuna cewa a aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984, mata ne mafi yawan ma'aikata domin maza sun yi nisa. In uba da kawu da yayye suna waje rabin shekara ko fiye, hannayen da muka lissafa a sashe na 1 sun ragu, kuma yaro na ganin mutunci a wurin ɗan bida yake, ba a wurin mai takarda ba. Daga 1998 kuma aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi, da yawansu ba tare da isasshen horo ba, a gaban azuzuwa masu cunkoso.

5. Kammalawa

Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, dokar tsarin ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, bayan gwajin da aka fara a 1973. Wannan ya cire wa sambal hujja. Amma hana duka kaɗai ba ya cike giɓi, kamar yadda maido da shi ba zai cike ba. Abin da tarihin Adar ke nunawa shi ne abubuwa uku da suka yi aiki: yaro ya samu nauyin da zai ɗauka, tsaransa su sa baki cikin gyaransa, hukunci kuma ya bar ƙofar komowa. Yadda za a shigar da su aji ba tare da an maido da bambancin asali da na jinsi da suka zo da shi ba, wannan aiki ne da ke jiran masu bincike, musamman na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Matakin farko shi ne a ɗauki bakin tsofaffin ƴan lakwal da tsofaffin sarakunan samari tun suna raye.