Satar Fasaha a Kwasa-kwasan Kimiyya: Nazarin Lamarin Jami'ar Bajiniya na 2001

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda Jami'ar Bajiniya da ke Amurka ta tunkari satar fasaha a wani kwas na fiziks. Ta nuna cewa manhaja kamanceceniyar kalmomi kawai take ganowa, kuma hukunci guda ga kowane irin laifi bai dace da yanayin rubutun kimiyya ba.

Yadda abin ya faru

A wancan lokaci Farfesa Lou Bloomfield yana koyar da wani kwas na share fage mai bayanin yadda kayan amfanin yau da kullum ke aiki, kuma ɗalibai kan miƙa masa jingarsu ta kwamfuta. A 2001, bayan ƙorafin cewa wasu na samun maki da aikin da suka kwafa, sai ya rubuta manhajar da ke gwama takardu da juna, tana zaƙulo duk inda kalmomi shida suka zo a jere iri ɗaya. Ɗalibai 158 aka miƙa wa kwamitin ladabtarwa, wanda a wannan jami'a ɗalibai ne ke gudanar da shi. Da aka kammala bincike a 2002, 45 sun rasa gurbinsu, an kuma soke digirin mutum uku da suka riga suka gama.

Tattaunawa

Ratar da ke tsakanin 158 da aka miƙa da 48 da aka hukunta abar dubawa ce. Manhaja ba ta san wanda ya rubuta da wanda ya kwafa ba. Takarda biyu ta gani sun yi kama, ta haɗa su. Sai mutum ya zauna ya karanta, ya tambayi ɗalibi, kafin a rarrabe.

Matsalar ta fi tsanani a rahoton ɗakin gwaji. Ɗalibai talatin da suka auna ƙarfin asid da sinadari ɗaya, bisa takardar umarni ɗaya, dole bayanin hanyar aikinsu ya yi kama. Wannan ba sata ba ce. Inda ya kamata malami ya zuba ido shi ne jadawalin sakamako da sharhinsa: alƙaluma iri ɗaya har zuwa ɗigo na ƙarshe daga ƙungiyoyi biyu da ba su yi aiki tare ba, ko kuskuren lissafi ɗaya da ya bayyana a layi ɗaya cikin rahoto biyu. Wannan ya fi kwafar jimla muni, domin ɗalibin da ya saba aron alƙaluma a aji ɗaya shi ne gobe zai riƙe sakamakon gwajin jini ko na ruwan sha.

Ga kuma batun hukunci. A wancan lokaci kora ce kaɗai hukuncin duk wanda aka samu da laifi a jami'ar. A ganin wannan nazari, irin wannan tsari kan sa malami ya kawar da kai daga ƙaramin laifi don gudun raba yaro da karatunsa, sai laifin ya wuce ba gyara. A 2022 ɗaliban jami'ar da kansu suka kaɗa ƙuri'ar sassauta dokar.

Don haka ake ba da shawarar a koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake ambaton madogara kafin jingar farko, malami ya sa hannu a littafin gwaji kafin ɗalibi ya bar ɗakin, sannan a bambanta hukuncin wanda ya manta madogara da na wanda ya ƙirƙiri sakamako.