Tarihin Yanke Hanta ta Ƙaramar Kafa

Hanta gaɓa ce mai yawan jini, shi ya sa likitocin tiyata suka daɗe suna shakkar taɓa ta. Carl Langenbuch ya yi nasarar yanke sashenta a Jamus a 1888, amma sai an tsaga ciki sosai. Tiyata ta ƙaramar kafa, wadda ake hura iska a cikin majinyaci a zura kyamara da siraran kayan aiki, ta fara karɓuwa ne wajen cire maɗaciya. Ta iso hanta a 1991, a hannun Harry Reich a Amurka. Tsoron ɓarkewar jini ya rage mata sauri, kuma da dalili. A 2008 taron masana a Louisville ya amince da ita ga ƙari guda na gefen hanta, wanda bai wuce santimita 5 ba.