Majigin Soyayya na Gainsborough

A cikin Yaƙin Hitila kamfanin Gainsborough na Landan ya shiga shirya majigin soyayya na zamanin da. A 1944 ya fito da "Fanny by Gaslight", labarin wata 'yar gaba da fatiha a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda wani ɗan manya ya so, danginsa suka ce ba ta da asali. Masana suka raina wasan, amma matan Ingila suka yi ta tururuwar kallo.

A 1949 aka rufe ma'aikatun kamfanin. To, takarda ta yi wuya lokacin yaƙi, faifan majigin kuwa irin mai ruɓewa ne da saurin kama wuta. Don haka ɗan abin da ya tsira, ko da takardar talla ce ta bango, masu tara kayan da suna farautarsa.